Mai Duba Ƙulli

Kwana goma sha ɗaya ruwa ya yi yana zuba a Cape Town, ni kuma na yi kwana goma sha ɗaya ina neman wanda zan yi faɗa da shi. Na wanke labulayen gidan kaf, na sauke kayan kicin na sake jerawa, har wata riga da na ɗinka tun bara na warware don kawai hannunta bai kwanta min ba. Duk safiya sai na leƙa ta tagar baya in ga ko Dutsen Tebur ya fito daga cikin gajimare. Ko gindinsa ba a gani. Ko da ma ya fito, dutsen da ya sha ruwa haka sai ya yi kwanaki kafin ya taɓu, ga shi lokacin sanyin, wanda shi ne daminar garin nan, bai ko kai rabi ba.

Ni dai Allah bai yi ni da zama ba. Shekara talatin da huɗu na yi a tsaye ina yankan yadi a wata masana'antar tufafi a unguwar Salt River, ranar Lahadi kuma, lokacin da sauran mata ke miƙe ƙafa, ni ina maƙale a jikin dutse. Mijina Igsaan ke riƙe min igiya. Ni ce mai hawa, shi ne na ƙasa. Igiyar tana ɗaure a ɗamarar ƙuguna, ta bi ta cikin wani ɗan ƙarfe da ke jikinsa, yana sakar min ita kaɗan-kaɗan, in na suɓuce ya danne. Ban san sau nawa na faɗo ba a shekarun nan, amma ban taɓa kaiwa ƙasa ba.

Akwai abin da muke yi kullum kafin in ɗaga ƙafa. Sai in juyo in tsaya a gabansa, ya kama ƙullin igiyar ya ja, ya bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe, ya ja maɗaurin ɗamarar, sannan ya buga min ƙugu sau biyu da bayan hannu. In na ji bugun nan sai in tafi. Ni kaina ban taɓa sunkuyawa na dubi ƙullin ba. Idona yana sama tun kafin ya gama, ina ce masa ya yi sauri rana na yi, shi kuwa ko a jikinsa. Ma'aikacin lantarki ne na jirgin ƙasa har ya yi ritaya, irin mutanen nan da sai sun duba abu sau uku kafin su taɓa.

Shekara biyu ke nan da hannun damansa ya fara rawa. Da farko cokali ne ke ƙara a cikin kofin shayi, daga baya maɓallin riga ya fara gagararsa. Likita ya faɗi sunan ciwon ya rubuta ƙwayoyi, muka dawo gida. Hannun dama kuwa shi ne mai danne igiya. Duk lokacin zafin da ya wuce sai na koma bin hanyoyin da na san ko ido rufe ba zan faɗo ba, na ce masa gwiwa ce ke damuna. Ya ce Allah ya sauwaƙe. Na san ƙarya nake, ina jin shi ma ya sani, amma muka ci gaba da zuwa, don ranar da muka daina zuwa to mun faɗi maganar ke nan.

A rana ta goma sha biyu ƙanwata Gadija ta shigo da kwanon koesister mai zafi, irin fanken nan namu mai sukari da kwakwa, ta same ni a kan kujera ina goge silin. Ta ajiye kwanon ta dubi Igsaan, wanda take kira Boeta, wato yaya.

"Boeta, don Allah ka kai matar nan ɗaya daga cikin gidajen da ake hawa bango, kafin ta kankare maka fentin gida."

Na ce mata ban lalace ba tukuna. Mu da muka yi shekaru muna yi wa masu hawan roba dariya, mutanen da ke hawa bangon katako da aka liƙa wa 'yan duwatsu masu launi, ga fanka ga kiɗa, su sauko su sha kofi su ce sun hau dutse. Gadija ta ce to in ci gaba da hawa kujera, ita ma ai tana da tsawo. Igsaan ya lashe sukari da kwakwar da ke yatsansa, ya ce mu je mu gani kawai, ni zan zaɓa.

Na farkon da muka je tsohon rumbun sanyaya kifi ne a bayan layin dogo, kusa da tashar jiragen ruwa. Tun daga ƙofa na san na ga wuri. Bangon ya yi tsawon bene huɗu, yana da wani lanƙwaso a sama da ke sa mutum ya rataya da hannu, igiyoyi na zube reras, ba kiɗa, sai numfashin mutane da ƙarar ƙugiyoyi. Warin kifin bai gama fita daga siminti ba, amma yatsuna har ƙaiƙayi suke. Mai kula da wurin wata mace ce Nokwanda, za ta yi arba'in da 'yan kai, kanta a aske, tabarau rataye a wuya. Ta zagaya da mu ko'ina, sannan ta ce duk wanda zai riƙe wa wani igiya a gidan sai an gwada shi, in ya ci a rataya masa wani ɗan kati a ɗamara.

Na ce mata mutumin nan tun ba ta shiga firamare ba yake riƙe igiya.

"Mama, ko ku kuka gina Dutsen Tebur da hannunku sai an gwada. Minti goma ne. Tata, in ka shirya yanzu ma sai mu yi." Da Igsaan take, Tata a yarensu baba ke nan.

Na ga idonta ya sauka kan aljihun wandonsa, inda ya cusa hannun, aljihun yana motsi. Ba ta ce komai ba. Da ma ta ce, da na samu abin yi wa faɗa. Sai na toshe hanci na ce ni ba zan iya da wannan ƙarnin ba, mutum ya zo motsa jiki ya koma gida kyanwoyin unguwa na bin sa. Na ja hannun Igsaan muka fita cikin ruwan. A mota ya ce shi bai ji wari sosai ba, na ce ai da ma hancinsa ya daɗe da yin ritaya.

Gaskiyar ita ce tsoro ya kama ni. Na hango shi tsaye a tsakiyar mutane, igiya na zamewa a hannunsa, matar nan tana girgiza kai. Mutumin da ya koya wa rabin masu hawan unguwarmu ɗaurin ƙulli, tun zamanin wariyar launin fata da irinmu ba ma kwana a bukkokin kan dutse sai a kogo, a ce yau an hana shi kati a gaban yara. Na ce a raina ba da ni ba.

Washegari na tashe shi tun da sassafe muka nufi na biyu, a wani tsohon gareji a tsakiyar gari. Nan ba igiya sam. Bangon gajere ne, an shimfiɗa katifu masu kauri a ƙasa, ka hau ka diro. Kiɗa kamar zai tsaga kai, kowa da gemu da kofin kofi. Wani mai gemun da ke bakin ƙofa ya tambaye ni cikin ladabi ko jikana na zo ɗauka. Na ce masa a'a, kakarsa na zo nema. Na cire rigar ruwa, na sa takalmin hawa, na tambaye shi wace hanya ce ke ba su wuya. Ya nuna wata mai baƙaƙen duwatsu. Na hau ta a karo na biyu, na diro, gwiwata ta hagu ta yi wata ƙara da ni kaɗai na ji. Suka tafa min, ban kula su ba, ina neman Igsaan. Yana can gefe riƙe da rigar ruwana da jakata, kamar wanda ya rako mata asibiti.

Da muka fito ya ce nan dai ba igiya, ba kuma gwaji. Na yi kamar ban ji rabin maganar ba, na ce hayaniya ta yi yawa, kuma gwiwar 'yar shekara hamsin da tara ba ta dirar katifa ba ce.

Daga nan na shiga yawo. Na je wani a wata makaranta da ba ya buɗewa sai da yamma, na ce lokacin bai yi ba. Na je wani da ke gefen wurin ɗaga ƙarfe, na ce bangon bai fi katangar gidanmu ba. Ko'ina aka ambaci gwaji sai in samo aibi, ko wurin ajiye mota, ko banɗaki, ko fuskar mai karɓar baƙi. Gadija ta ce ko miji ban zaɓa haka ba. Ruwa kuwa bai fasa ba, ni ma ban zauna ba. Na dawo ina rataya a jikin ƙofar ɗaki da yatsu ina ƙirga numfashi, Igsaan yana wucewa ta ƙarƙashin hammatata da kofin shayi yana cewa a ba shi hanya.

Ranar Laraba ya ce zai je asibiti karɓo magani, kada in wahala, zai hau motar haya. Bai dawo ba sai bayan la'asar. Da ya cire rigar sanyi na ji ƙarnin kifi, na ce wato ya je ya ci soyayyen kifin snoek shi kaɗai ko ɗanɗano bai kawo min ba. Ya ce ta gaban mai kifin kawai ya wuce. Ya yi alwala ya yi sallah, ya daɗe zaune a kan darduma, ranar bai ci abincin kirki ba. Na ɗauka sabon maganin ne.

Na ƙarshen a cikin wani katafaren rukunin kantuna yake, can arewacin gari, tafiyar minti arba'in in ba cunkoso. Ko'ina madubi da fitila. Su ma suna gwajin igiya, amma suna da wani dogon bango da ba a buƙatar kowa. A can sama an kafa inji, ya sako wani ɗamri mai ƙugiya a baki. Ka maƙala ƙugiyar a ɗamararka ka hau, injin yana naɗe ɗamrin, in ka kai sama ka saki hannu kawai, ya sauko da kai a hankali. In ka gama sai ka mayar da ƙugiyar jikin wani ƙyalle da ke gindin bangon. Ba mai riƙe maka, ba mai tambayar kati. Ga benci mai laushi daidai gaban bangon.

Na ce nan ya yi. Na ce wa Igsaan na ɗan lokaci ne, kafin zafi ya dawo mu koma dutsenmu, shi ma ya huta da ɗaga wuya. Na gaya wa kaina tausayinsa na ji. Ya dubi injin, ya dubi bencin, ya ce to, ya zauna ya buɗe fulas.

Hawan farko na tsaya a gindin bangon kamar wadda ta manta abin da ta zo saye. Na maƙala ƙugiyar, na juyo wajensa don sabo, sai na ga yana fama da murfin fulas. Na juya na hau. Da na kai sama na daɗe ban saki ba, don jikina bai yarda da abin da ba ya numfashi ba. Da na saki kuwa, ya karɓe ni ya dire ni a ƙasa lafiya lau. Na sake hawa, na sake. Kafin awa ɗaya na yi takwas, ina kaiwa sama in saki ba ko tunani, jinina ya dawo yana gudu, duk ƙuncin sati uku ya fita ta tafin hannuna. Har na ji haushin kaina da na ji daɗi haka ba tare da shi ba.

Na cire ƙugiyar na mayar jikin ƙyallen, na je na kurɓi shayi a hannunsa. Ina sha idona na kan wata hanya mai korayen duwatsu da ta faro daga gefen ƙyallen, ta yi sama ta karkata hagu. Ƙananan mariƙai ne, irin waɗanda nake so. Ina tsaye ina hawanta a kaina, hannu nan, ƙafa can. Na miƙa masa kofin, na shafa alli a hannu, na tafi.

Ta yi daɗi kuwa. Na wuce tsakiya, na wuce inda ta karkata, hannuwana sun fara nauyi amma saura mariƙi uku in taɓa na ƙarshe in saki. Sai na ji muryarsa daga ƙasa, ba da ƙarfi ba.

"Della, tsaya nan."

Na ce ya bar ni, na ga hanyar. Na kai hannu na kama na gaba.

"Faldela. Kama babban jan nan na damanki da hannu biyu. Kada ki saki komai."

Sau ɗaya ya taɓa kiran cikakken sunana da wannan muryar, ranar da wani dutse ya ɓalle a samanmu shekaru ashirin da suka wuce. Na kama jan. Sannan, a karo na farko a rayuwata, na sunkuya na dubi ƙuguna. Ba komai a wurin. Ɗamrin yana can miƙe a gefe, ƙugiyarsa maƙale a jikin ƙyalle a ƙasa, inda na bar ta da hannuna. Tsakanina da siminti mai 'yar shimfiɗar roba akwai tsawon bene uku.

Na ji wurin ya yi tsit, an kashe kiɗa, wasu na jan katifa, wani ma'aikaci na ƙoƙarin sa ɗamara yana cewa in jira shi. Na san hannuwana ba za su jira shi ba. Igsaan ma ya sani, don ya fi ni sanin ƙarfina. Ya zo ya tsaya daidai ƙarƙashina, inda yake tsayawa kullum, ya ce kada in dubi kowa, kada in dubi ƙasa, shi zai zama idona.

"Sauke hannun hagu ki kaɗa shi. Yawwa. Yanzu na dama. Ki bar korayen nan, ba gasa muke ba, jajayen za ki bi, na 'yan koyo. Ƙafar hagu ƙasa, taki ɗaya. Ƙara kaɗan. Nan. Taka."

Haka ya yi ta sauko da ni, ƙafa bayan ƙafa. Saukowa ta fi hawa wuya, mutum ba ya ganin inda zai taka, amma duk inda ya ce akwai mariƙi sai in same shi a wurin. Sau ɗaya na yi gaggawa ƙafata ta zame, ya ce, "A hankali, rana ba ta yi ba," abin da nake ce masa shekara da shekaru ya juyo min da shi. Muryarsa ko kaɗan ba ta yi rawa ba. Da ƙafata ta taɓa katifa sai na zauna daɓas. Na ɗaga kai na gan shi, hannun damansa yana kaɗawa kamar ba jikinsa yake ba, gaban wandonsa duk shayi.

Ma'aikatan suka kewaye ni da ruwa da takardar cikewa da tambayoyi. Shugabansu ya ce abin mamaki, sababbi ba sa yin wannan kuskuren, tsofaffin hannu ne ke yi. Me zan ce masa? Shekara talatin da huɗu ban taɓa duba ƙuguna ba, don akwai mai dubawa, kuma ni na zaunar da shi a benci.

A mota na kasa sa makulli a raminsa. Muka zauna ruwa na dukan gilashi, mutane na wucewa da kekunan sayayya. Na fara magana da sauri, na ce gobe za mu koma gidan kifi, zan gaya wa matar nan abin da ya yi yau, ta ba shi katinsa ko ta ƙi Allah, in ta ƙi kuma mu jira zafi mu koma dutse inda ba mai tambayar kowa kati. Ya bar ni na gama.

"Na je, Della. Ranar Laraba."

Na juyo na dube shi. Ya ce ba asibiti ya je ba. Ya sami Nokwanda ya ce ta gwada shi, amma ba da mutum ba. Suna da buhun yashi da suke koyar da sababbi, ya ce ta cika shi ya kai kilo sittin da ɗaya, nauyina. Ta bari sai da wurin ya yi sauƙin mutane, ta ja buhun sama, ta sako. Na farko ya riƙe. Na biyu ya riƙe. Na uku hannun ya ƙi jin magana, igiya ta zube, buhun ya daki ƙasa. Ta ce ya huta ya sake, ya huta ya sake, ya sake faɗuwa.

"Har ya fashe ta gefe, yashi ya zubo," in ji shi. "Ni ba buhu na gani ba."

Na ce buhu ba ya taimakon mai riƙe shi, mutum kuwa yana yi, kuma ni ba na faɗowa. Ya ce yau fa? Ya ce tun lokacin zafi ya san hanyoyin da nake zaɓa, ya san gwiwata lafiyarta ƙalau, ya kuma san ba warin kifi ya kore ni ba. Ya ce ya so ya gaya min tun ranar, sai ya ga yadda nake ta zarya ina kare shi, ya rasa ta inda zai fara.

"Ba zan ƙara riƙe miki igiya ba. Ba ita ta hana ni ba, ni na hana kaina. Ko a dutse, ko a ina."

Na kifa kai a kan sitiyari na yi kukan da ban yi ba ranar da likita ya faɗi sunan ciwon. Haushi nake ji, na ciwon, na buhun, na kaina. Ya ɗora hannun a bayana, ina jin rawarsa ta cikin riga, bai janye ba. Da na lafa ya ce in tuƙa mu tafi, wandonsa ya jiƙe kuma mutane za su zaci wani abu ne.

Kwana uku ban yi maganar hawa ba. Ban wanke komai ba, ban rataya a ƙofa ba, har Gadija ta bugo waya tana tambaya ko ina da rai. Ranar Lahadi da safe na fito na ga Igsaan ya ajiye jakar kayanmu a bakin ƙofa, da kwanon koesister a kai. Ya ce bangon gidan kifi ya fi kowanne, na sani ya sani, kuma Nokwanda ta ce ranar Lahadi da safe tana da sarari.

Warin yana nan inda muka bar shi. Nokwanda ta gaishe mu, ba ta ɗaga maganar Laraba ba, ta karɓi kwanon ta ce wannan cin hanci ne kuma ta karɓa. Igsaan ya buɗe jaka ya ciro ƙarfensa na riƙe igiya, wanda gefensa ya side don tsufa, ya miƙa mata. Ta ce tana da nata. Ya ce ya sani, amma wannan ya san nauyina. Ta juya shi a hannu ta duba shi sosai, ta ce zai yi, ta maƙala a ɗamararta. Ya ce mata ina da gaggawa wajen mariƙi na uku, kuma in na yi shiru to na gaji ne, ba zan taɓa faɗa ba. Ta ce ta ji, Tata.

Na ɗaura ƙullina. Nokwanda ta miƙo hannu za ta duba, yadda dokar gidan ta ce, ta duba ta ce ya yi. Bangon yana gabana, lanƙwason nan na sama yana jirana, yatsuna na ƙaiƙayi. Mutum biyu sun tsaya a bayanmu suna jiran igiyar. Na juya na je na tsaya a gaban Igsaan.

Ya ciro hannun daga aljihu. Yatsan ya kasa zama a kan igiyar, ya zame, ya dawo farko. Ya bi ƙullin har rabi, hannun ya fizge, ya sake dawowa farko, don shi ba ya tsallake komai. Na ji na bayanmu suna gyara tsayuwa, ɗaya ya yi tari. Ban ɗaga kai na dubi bango ba, ban ce rana na yi ba. Na sunkuya ina bin yatsan da ido, lanƙwasa bayan lanƙwasa, na ga ashe haka ƙullin nawa yake. Ya kai ƙarshe, ya ja maɗaurin ɗamara, ya ja numfashi.

Bugun ya zo sau uku ko huɗu, don hannun ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya. Na jira har ya gama, sannan na hau.